Gangunan alama a tekun Ingila da na Amurka

Yaya, gaisuwa da fatan alheri. Ka ce in ba ka labarin gangunan ƙarfen nan da ka gani suna lilo a kan ruwa a hoton da na turo.

Su ne hanyar jirgi. Kowace an ɗaure ta da sarƙa a jikin wani gungumen nauyi da ke ƙasan teku, da yawansu kuma ga fitila a kai mai aiki da hasken rana. A nan Ingila hukumar Trinity House ce ke kula da su, ita kuwa tun 1514 take. Na taɓa tsayawa kusa da wadda aka ciro a Harwich. A kan ruwa sai ka ɗauka randa ce, a tudu kuwa ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, gindinta duk gansakuka da ƙananan kifin ɓawo. Ma'aikata suka kankare ta, suka goge kashin tsuntsaye daga faifan sola, suka bi sarƙar zobe-zobe suna auna inda ta cinye. Wannan kulawar ita ta fi burge ni, domin gangar da fitilarta ta mutu tarko ce.

Da aiki ya kai mu Amurka sai na tarar an juya launin. A Ingila, idan za ka shiga tashar ruwa, ja tana hagunka, koriya tana dama, haka ma Afirka. A Amurka da Japan da Koriya ta Kudu ja ce a dama. Daren farko sai da gabana ya faɗi.

A hakan ma an samu sauƙi. A da tsare-tsaren sun haura 30. A 1971 jirgin dakon mai Texaco Caribbean ya nutse a mashigin Dover da ke tsakanin Ingila da Faransa, wasu jirage biyu suka zo suka hau kan ɓaraguzansa, mutum 51 suka rasu. Sai a 1980 IALA, ƙungiyar hukumomin alamomin teku ta duniya, ta rage su zuwa biyu.

Masu launin baƙi da rawaya dai ba su canzawa ko'ina, kuma lissafinsu na agogo ne: walƙiya 3 na nufin bi ta gabas da ita, 6 da wata doguwa ta kudu, 9 ta yamma, marar yankewa ta arewa. In dare ya raba, ruwa baƙi ƙirin, haka nake tsayawa ina ƙirgawa da yatsu kafin in buɗe baki in gaya wa matuƙi.

A gaida Inna da yara.