Fankar hannu mai fesa ruwa: ta yi mana rana a Arfa, ta ba mu kunya a Mina

Tun da aka fara bitar maniyyata a ƙaramar hukumarmu ake tare ni a ƙofar masallaci ana tambayata ko fankar nan ta hannu mai caji, wadda ake ɗura wa ruwa tana fesawa, ta ci kuɗinta. Ni na riƙe ta a Hajjin 2024 tare da mahaifiyata, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Ba sai na faɗi farashi ba, duk wanda ya leƙa shagunan kayan waya a Kano ya sani, kuma yanzu ma ta ƙara tsada. Mai naɗewa ce, da ɗan tankin ruwa a ƙeyarta da maɓalli biyu, ɗaya na iska ɗaya na feshi. Mai shagon har rantsuwa ya yi mini: "Alhaji, in ka cika ta da asuba, wallahi har magariba tana juyawa." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Mu mutanen ƙauyukan Ringim ba baƙin zafi ba ne. Amma bazararmu tana da wurin gudu: akwai gindin darbejiya, akwai zauren ƙasa, in dare ya yi a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Zafin babban birni daban yake. Kwalta da siminti da gilashi suna shan rana tun safe, in dare ya yi su amayo ta, ga manyan motoci a jere injinansu a kunne suna huro wuta ta baya. Makka a watan Yuni kuwa ta wuce duk inda nake zato. A shekarar, ranar 17 ga Yuni, ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, daga baya kuma ministan lafiya na Saudiyya ya ba da sanarwar rasuwar alhazai 1,301, akasarinsu waɗanda suka shiga ba da izini ba, ba su da tanti ba su da mota, suka yi ta tafiyar ƙasa cikin rana. Allah Ya jiƙansu Ya karɓi aikinsu.

Ranar Arfa, Asabar 15 ga Yuni, bayan azahar na'urar sanyaya tantin ta zama kamar babu ita. Inna ta fita bin layin banɗaki, ta daɗe, da ta dawo sai aka aiko daga ɓangaren mata cewa in zo maza. Na tarar da ita a jingine, idonta a rufe, jikinta rau, tana cewa kanta zai tsage, ƙasa tana juya mata. Hannuna na rawa na ciro fankar na ƙure mata gudu na kara mata a fuska. Sai wata baiwar Allah mutuniyar Haɗejiya, ma'aikaciyar jinya ce a gida, ta karɓe ta daga hannuna ta ce, "Alhaji, busasshiyar iska a wannan zafin wuta kake hura wa Hajiya. Kunna ruwan." Ta sassauta wa Inna hijabi, ta jiƙa mata wuya da hammata da tafin ƙafa, ta kunna feshin tana zagaya shi a hankali. Ta sa na kaɗa ruwan gishiri da sukari na leda a gora, muna ba ta kurɓi-kurɓi.

Tana yi tana yi mini bayani, kuma har gobe ban manta ba. Zafin jikin mutum yana kan digiri 37 ne. In iskar waje ta ɗara haka, fanka zafi take kwasowa ta ɗora maka. Sai fata ta jiƙe, iska ta busar da ruwan, sannan zafin jiki ke bin sa ya fita, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa saboda tsattsafowar da take yi ta jikinta. To a nan ne wannan 'yar fanka ta nuna kanta. Feshinta laushi gare shi, ba ya jiƙa mutum sharkaf, yana sauka yana bushewa, wani na sauka. Can sai na ga numfashin Inna ya daidaita, ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Kai, la'asar ta yi ne?" Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Duk da haka matar nan ba ta yarda ba sai da muka kai ta wurin likitoci suka duba ta, ta ce zafi in ya taɓa tsoho ba a yi masa ganganci. Ban san sunanta ba har muka rabu, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

A wannan yammacin, da za a ce in sake biyan kuɗin fankar ninki goma, zan biya ban yi ciniki ba.

Amma fa duk lokacin da na tuna abin da ya biyo baya sai raina ya ɓaci. Fankar da aka ce asuba zuwa magariba, da feshi a kunne ko tsakanin azahar da la'asar ba ta cika ba. Tankin ɗan mitsitsi ne, kafin ka gama tasbihi ya ƙafe, ga ƙofar ɗura ruwan ƙarama, rabi a ciki rabi a ƙasa. A Muzdalifa babu inda za ka jona ta, fili ne fetal. A Mina kuwa soket ɗaya wayoyi sun yi masa caa, kowa na son ya kira gida, wa zai ɗaga maka don fanka? Da ƙyar na samu ta ɗan sha wuta. Hukuma ta ce kada a fita jifa tsakanin ƙarfe 11 na safe da 4 na yamma, muka bi, muka fita bayan la'asar, amma kwaltar tana nan tana turiri. Ba mu ci rabin hanyar Jamrat ba jar fitilar ta fara ƙiftawa, ta tsaya cak. Na taɓa bayanta, zafi kamar ba a hannuna take ba. Kafin mu bar Mina murfin ya kumbura, bakin feshin kuma ya toshe, sai ɗigo.

Abin da ya kai mu ya dawo da mu a ranar nan, farar lema ce, da gorar feshi ta hannu wadda ba ta cin caji, wadda wani bawan Allah ya miƙa mini kyauta a hanya, sai kuma jami'an tsaron da ke tsaye suna fesa wa alhazai ruwa a fuska. Gorar nan da maficin kaba na Inna sun yi kusan duk aikin da fankar ta yi, kuma ba su mutu ba.

Da muka dawo na ɗauke ta takanas na kai wa mai shagon. Ko kallon kirki bai yi mata ba, ya ce, "Ai Alhaji zafin Saudiyya ba na fanka ba ne, kuma kayan wuta ba su da garanti." To da nake saye ban gaya masa inda za ni ba? Shi ne fa ya ce alhazai ma ya kawo wa ita. Yaron da ke gyaran waya a kasuwarmu ya buɗe ta, ya nuna mini batirin, ya ce bai kai rabin abin da aka buga a jikin kwali ba. Wannan ba ajizancin na'ura ba ne, ha'inci ne, kuma da ran tsofaffi ake wasa. Ya sa mata wani batirin mai kyau, ya wanke bakin feshin, yanzu Inna ba ta shiga motar Kano sai da ita, musamman in aka cushe a Yankaba cikin watan Afrilu, gilashi a sauke amma babu iska.

Mai niyyar saye ya saya, ban hana ba, amma kada ya dogara da ita kaɗai. Ya haɗa da lema da gorar feshi da ledojin gishiri da sukari. In sun ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin cokalin. Ya sa fankar a jakar hannu, don ba a yarda da batirin ajiya a babbar jakar da ke shiga ƙasan jirgi ba, ita ma gara tana kusa da kai. Soket ɗin can mai baki uku ne irin namu. Kuma ya saye ta da wuri, ya cika ta, ya kunna iska da feshi tare a gida yana duba agogo har ta mutu. In ba ta kai abin da aka faɗa masa ba, ya mayar tun mai shagon bai samu bakin cewa Saudiyya ce ta lalata ta ba.