Ziyarar filin dagar Borodino: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma da ƙorafi

Asabar ɗin da ta wuce na biya wani kamfanin yawon buɗe ido a Mosko, suka kai mu Borodino, filin da sojojin Rasha suka kara da na Napoleon ranar 7 ga Satumba, 1812. Wurin yana yamma da Mosko, kusa da garin Mozhaisk, tafiyar kusan kilomita 120. Motar tana da tsabta, kuma ba a ɓata mana lokaci wajen tashi ba. Amma abin da ya fanshi kuɗina shi ne jagorarmu, wata dattijuwa mai kaifin baki.

Na tafi da zaton za a cika mana kunne da labarin jarumta. Ina! Tun a mota ta jefo mana tambaya: da Napoleon ya kutsa Rasha a watan Yuni, wa ke riƙe da ragamar sojojin Rasha? Kowa ya ce Kutuzov. Ta yi dariya, ta ce babu kowa. Runduna uku ce a bakin iyakar yamma, kowace da ubangidanta: ta ɗaya, wadda ta fi girma, a hannun Barclay de Tolly, ta biyu a hannun Bagration, ta uku can kudu a hannun Tormasov. Barclay ya tsara wata doka a farkon shekarar, wadda ta ba babban kwamanda iko irin na sarki a fagen fama, sai dai idan sarkin da kansa yana sansani. To ga shi Sarki Alexander na ɗaya yana sansanin, bai ce shi ne kwamanda ba, bai kuma naɗa wani ba. Da ƙyar makusantansa suka lallaɓa shi ya koma gida a watan Yuli.

Nan ne labarin ya yi mini daɗi. Barclay shi ne ministan yaƙi, amma Bagration yana ganin ya girme shi a aikin soja. Ɗaya na cewa a ci gaba da ja da baya, ɗaya na cewa a tsaya a gwabza. Da suka haɗu a Smolensk, Bagration ya yarda ya bi umarnin Barclay, amma dai zaman doya da manja aka yi, har hafsoshi na yi wa Barclay habaici da cewa shi Bajamushe ne, alhali zuriyarsa daga Sikotilan take. Sai a watan Agusta aka ɗora tsoho Kutuzov a kansu duka, saura kwanaki kaɗan a yi karon.

Gani ya kori ji. Da muka tsaya a ƙauyen Gorki, inda Kutuzov ya zauna ranar yaƙin, na waiga kudu inda Bagration ya ja daga, na gane cewa daga nan tsohon ba zai iya bin duk abin da ke faruwa ba, balle hayaƙin igwa ya turnuƙe. Umarni a kan doki yake tafiya, kafin ɗan aike ya isa al'amari ya sauya. Shi ya sa nauyin ya koma wuyan janar-janar da ke gaba. Da harbi ya sami Bagration a ƙafa, Dokhturov aka tura ya karɓi ɓangaren hagu. Shugaban 'yan igwa kuwa, matashi Kutaisov, ya bar aikinsa ya shiga cikin dakaru aka kashe shi, abin da ake gani ya hana a ci moriyar igwogin da aka ajiye na ko-ta-kwana yadda ya kamata.

A gindin dogon hasumiyar tunawa da ke tudun Raevsky, inda aka mayar da kabarin Bagration a 1839, jagorarmu ta zana mana tsarin sojojin Rasha a ƙasa da sanda: rejimanti biyu birged ɗaya, birged uku dibishin ɗaya, dibishin biyu babban ɓangare ɗaya. Hafsoshi galibi 'ya'yan masu sarauta ne. Ƙananan sojoji kuwa talakawan ƙauye ne da ake ɗiba, yawancinsu bayin gona, kuma shekara 25 suke yi a bakin aiki. Ta ce idan aka ɗauki yaro, danginsa kuka suke yi masa kamar an yi mutuwa. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da duk sunayen janar-janar.

Ƙorafina yana kan kamfanin. Sun cusa wurare da yawa cikin yini guda, ga shi cin abinci ya lashe lokaci, aka kora mu kamar awaki a gidan ibadar da matar Janar Tuchkov ta gina inda mijinta ya faɗi. Taswira ma ba su raba mana ba, a fili mai faɗi irin wannan. Wanda kuma Rashancinsa bai nuna ba zai sha wuya, don babu tafinta.

Zan koma, amma a jirgin ƙasa daga tashar Belorussky, in ɗauki jagora ni kaɗai. Mai niyyar zuwa ya tafi da takalmin da ba ya tsoron taɓo da rigar sanyi, iskar filin ba ta da mutunci.