Gargaɗi ga masu sayen man wardin Ɗa'if a Makka da Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda, da masu zuwa Umara da ke neman tsaraba. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, don ba halina ba ne fallasa mutum. Amma wanda ya cuce ni har yau yana yawo da jakarsa gida gida, kuma na ji ya fara shiga masaukan baƙi a unguwar Misfala ta Makka.

Shekara 11 ke nan ina haɗa humra da turaren wuta a nan Makka, ina aikawa Kano da Damagaram. A watan Janairu wata maƙwabciyata ta kawo min wani mutum, Bahaushe ɗan uwanmu, mai tsafta, bakinsa cike da ambaton Allah. Ya ce leburanci yake yi a wata ƙaramar matatar wardi a Shafa, kusa da Ɗa'if, kuma mai gidan yana biyansa wani ɓangare na ladansa da mai, shi ya sa yake sayarwa da rahusa. Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihun gaba, ya ɗiga min a bayan hannu da tsinken gilashi. Wallahi na gaske ne. Na wanke hannu na yi alwala sau biyu, har bayan isha'i ƙamshin yana nan. Ya ce, “Hajiya, tatsar wannan makon ce, tola riyal 250, don ke ta gida ce.” Na sayi tola shida, riyal 1,500. Kwalaben da ya ba ni a liƙe suke da danƙo, ya kuma ja min kunne kar in buɗe sai ranar aiki, wai iska tana kashe shi.

Huɗu na aika wa wata uwar amarya a Kano, matar da muka shekara bakwai muna hulɗa ko sau ɗaya ba mu taɓa saɓawa ba. Ranar da ta kira ni ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, “Yaya, ko dai an musanya kayan a hanya ne?” Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na fasa danƙon biyun da suka rage. Buɗewar farko ƙamshi ya daki hanci, mai zaƙi kamar alewa, amma kafin in gama shan shayi ya gudu, ya bar wani wari irin na sabulun wanka. Na ɗiga a farar takarda na ajiye. Washegari ga maiƙo nan ya bazu kamar an ɗora ƙosai a kai. Na sa kwalbar a firji ta kwana, ta fito ruwa tsululu yadda ta shiga, alhali na gaske daskarewa yake yi a sanyi.

Da na kira shi, ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Haba Hajiya, ai sabo ne, bai nuna ba tukuna. Ki ba shi wata uku.” Wannan kalmar ta “sabo ne” ita ce jarinsa, kuma da ita ya rufe bakin mata da yawa, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sabon man wardi yana da kaifi. Idan ka shaƙa za ka ji ɗanyen ganye da ɗan yaji kafin zaƙin furen ya biyo baya, kuma idan ya yi watanni a kwalba mai duhu sai kaifin ya kwanta. Amma sabuntarsa ba ta sa ya gudu daga fata cikin minti goma sha biyar, ba ta kuma sa ya bar tabon mai. Wanda aka yi wa algus da man farafin da ƙamshin roba, ko shekara goma ka ajiye shi ba abin da zai nuna.

Abin da ya fi cin raina shi ne ƙaryar tana fili tun ranar farko, kwaɗayin araha ya rufe min ido. Wardin Ɗa'if ba ya fure a Janairu. Kakarsa daga Maris ce zuwa Afrilu, 'yan makonni kacal a shekara, to ina aka samo tatsar wannan makon ana tsakiyar sanyi?

A Afrilu na matsa wa maigida ya kai ni Ɗa'if in gani da idona. Mun hau ta hanyar Hada tun da asuba, sanyi har cikin ƙashi, don garin yana kan tudu kusan mita 1,800. Gari na wayewa muka tarar da ma'aikata cikin gona suna tsinkar furen da hannu, saboda da rana ta ɗaga man da ke cikinsa yake tashi. Fure ne ruwan hoda mai ganye talatin. A matatar, ɗaki ne guda da tukwanen jan ƙarfe a jere a kan wuta. A zuba fure da ruwa, a rufe da murfi mai dogon bututu da ya ratsa cikin ruwan sanyi, tururin ya koma ruwa yana ɗiga cikin wata ƙatuwar kwalba mai siririn wuya. Man yana taruwa ne a saman wuyan, ɗan kaɗan, fatsi-fatsi da ɗan kore, a tsotse shi da sirinji. Ruwan da ya fara fita, wanda ya fi ƙarfi, shi suke kira arus, wato amarya. Tukunya ɗaya tana cin fure sama da 10,000, abin da take bayarwa kuma bai wuce tola ɗaya ba, ita tolar ba ta cika giram 12 ba. Da irin wannan ruwan wardi ake haɗa zamzam a wanke Ka'aba, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta saka sana'ar cikin jerin al'adun gado na duniya. Kuɗin da dattijon wurin ya faɗa min na tola ɗaya ya kai abin da na biya na shida gaba ɗaya.

Na miƙa masa kwalbata na ce, “Baba, duba min wannan.” Ya shinshina sau ɗaya ya mayar min, ya girgiza kai. Ya ɗauko nasa daga wuri mai sanyi ya nuna min yadda ya daskare da wasu siraran allurai a ciki, ya riƙe a tafin hannu har ya narke. Ya ce kar in dogara da wannan gwajin shi kaɗai, don masu wayo suna narka kakin kyandir su zuba domin nasu ma ya daskare. A haɗa da takarda, a haɗa da hanci, a kuma ba shi lokaci a fata.

Yanzu mutumin ya ƙara salo. Ya daina tsayawa a kwalba, ya koma “sayen tukunya”: ki ba da riyal 500 tun kafin kaka, a ware miki tukunya guda da sunanki, idan an tatsa a kawo miki man da ruwan. Yana turo bidiyon gonaki ta WhatsApp, waɗanda duk mai waya zai iya samu a intanet. Asusun da ake tura kuɗin kullum da sunan wani daban. Mata biyar na sani da suka biya, kaka ta zo ta wuce, layinsa a kashe.

Ba a banza yake bin mu ba. Ya san da yawanmu ba su da igama, wato takardar izinin zama, ko ta ƙare, ba za su doshi hukuma ba ko an kwashe musu duk abin da suka tara. Baƙon Umara kuwa sai ya sauka gida zai buɗe kwalba. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai, ɗan uwanka ya san inda rauninka yake ya taka nan ɗin.

Don Allah duk wanda zai saya, kwalbar da za ka tafi da ita ita za a buɗe a gabanka, ba ta aljihun mai kaya ba. Ka saya a shago ko matata mai rajista, ka karɓi fatura, wato rasit, mai lambar QR. Masu takardu a cikinmu su taimaka wa marasa su: Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900 da manhajar Balagh Tijari, kuma dokar yaƙi da algus ta tanadi ɗauri har shekara uku da tara har riyal miliyan ɗaya.

Na biya uwar amarya kuɗinta cif, na kuma aika mata da rabin tola na gaske daga Ɗa'if. Kwalabe biyun nan suna nan a wurina tare da takardar da ta yi maiƙo, duk wadda take so ta zo ta shinshina ta kwatanta da nata. Waɗanda suka biya kuɗin tukunya kuma kar ku goge hoton shaidar turawa da saƙonnin muryarsa, maigida ya yarda zai shigar da ƙorafin da sunansa idan mun tattara su.