Hattara da mai tallan ƙarin tankin mai na jabu a intanet

Jama'a, wannan saƙo na masu motocin shiga daji ne, musamman masu shirin ƙara wa motarsu tankin mai na biyu. Akwai wani mutum da ke talla a Facebook, ya ƙarasa ciniki ta WhatsApp, yana cewa tankuna na asali yake shigowa da su daga waje. Ni ya cuce ni, kuma abin da ya ɗaura mini a ƙarƙashin mota ya isa ya hallaka ni da duk wanda na ɗauko. Kiran sunansa ba zai amfane ku ba, domin daga sanina da shi zuwa yau sau biyu yana sauya sunan shafin. Salon damfarar ne ba ya sauyawa, shi zan bayyana muku.

Motata Hilux ce mai shan dizal, tankinta na asali lita 80. Duk wanda ya taɓa shiga rairayi ko taɓo ya san yadda mota ke zuƙar mai idan tana ja da ƙafa huɗu, lissafin da ka yi a kan kwalta ba ya aiki a can. Na gaji da ɗaukar jarkoki, da warinsu, da tsiyayar mai a tsakiyar ƙura. Ƙarin tanki kuma ba baƙon abu ba ne: Land Cruiser 80 da aka sayar a Ostireliya daga kamfani ta fito da tanki biyu, babba lita 95, ƙarami lita 50. Ana yi, kuma idan masana suka yi, lafiya lau ne. Wannan ya sa da na ga tallan ban ji wani ɗar ba.

Hotunan shafin gwanin sha'awa. Tanki baƙi wul, walda a tsare kamar an ja layi, ga famfon tura mai, ga tiyo, ga ƙarafan ɗaurewa an jera. Ya ce lita 120 yake ci, kuma biyu kawai suka rage. Ya nemi rabin kuɗi kafin alƙalami, ya turo lambar asusun da sunan da ke kai ba irin na shafin ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. A nan ya kamata in ja da baya, ban ja ba. Bayan mako biyu ya ce kaya sun maƙale a hanya, sai an ƙara kuɗin fito da su. Na ƙara, don ina tsoron kada na farko ya salwanta. Haka suke yi, su sa ka riƙa bin kuɗinka da wani kuɗin.

Ranar da tankin ya iso, da yaronsa ya zo, ya nace lallai shi zai ɗaura, wai idan wani bakanike ya taɓa babu garanti. Fenti sabo fil, har da wata takarda mai rubutun Turanci a manne. Na ce a bari in leƙa ciki, yaron ya ce an rufe shi daga kamfani. Kafin magariba an ɗaura, na cika kuɗi.

Washegari na je gidan mai, aka ɗura har ya cika ya tumbatsa, lita 82 ya ci. Na kira shi, ya ce iska ce ta tare, zai daidaita. Na hau hanya, duk birkin da na taka sai in ji wani abu ya bugi ƙasan motar kamar an tunkuɗa ta daga baya. A kwana na uku warin dizal ya cika cikin mota, na ga ɗigo a inda na kwana da ita. Sai na kai wa bakanikena, dattijon da ya daɗe yana duba mini mota. Ya shiga ƙarƙashi, bai yi minti biyu ba ya fito ya ce, "Ɗana, kashe injin nan, kada ka sake tayar da shi sai mun sauke wannan abu."

Da aka sauke, aka tsiyaye, aka haska tocila, cikinsa wayam. Tankin kirki yana da ƙarafan da aka gindaya a ciki masu ramuka, su ke hana mai tafiya gaba ɗaya zuwa gefe guda. Ku yi lissafin: lita ɗaya ta dizal ta kai kusan giram 840, ke nan lita 120 ta kai kilo 100. Ko 82 ɗin da nawa ya ci, kusan kilo 70 ne ke kai da komo a ƙarƙashina, yana dukan bangon tankin a kowace gargada. A kan gangare ko kwana mai kaifi irin wannan nauyi yana taɓa tsayuwar mota, kuma shi ke tsaga walda a hankali. Waldar ma da muka kankare fentin, ashe ramuka ne aka cike da abin shafen masu gyaran jikin mota aka bi da fenti.

Abin da ya fi tayar wa dattijon hankali shi ne ƙarfen. Falle ne siriri mai rufin tutiya, dangin kwanon rufi. Dizal da tutiya ba sa zama wuri ɗaya, man yana narkar da ita sannu a hankali, ta bi shi ta je ta daskare a bakin nozul, wato abin da ke fesa mai cikin injin. Injinan dizal na zamani suna fesa mai da matsin da kan kai 1,800 ko fiye a ma'aunin bar, ta ramukan da ido da ƙyar yake gani, ƙazanta kaɗan ta isa ta lalata su. Shi ya sa masu ƙera tankin gaskiya suke amfani da ƙarfe mai rufin alminiyam, galibi kaurin milimita 2, ko alminiyam zalla, ko wata roba mai tauri da aka yi don mai.

Sauran aibin ba sai na tsawaita ba. Tiyon na ruwa ne, har ya fara laushi yana kumbura. Mashaƙar iskar tankin bututu ne kawai a buɗe, babu bawul ɗin da ke rufewa idan mota ta kife, wato ranar haɗari mai zai riƙa kwarara. Wayar famfon kai tsaye aka ja ta daga batir, babu fiyus. Tsakanin tankin da salansa yatsu biyu ne, babu abin kare zafi. Ni Allah ya taimake ni dizal ne, wanda tururinsa ba ya kama wuta sai ya ɗauki zafi sama da digiri 50. Fetur kuwa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili tururinsa yana kamawa, kuma mutumin nan yana tallan na motocin fetur ma. Wannan ne ya hana ni yin shiru.

Na tura masa hotuna, ya karanta, ya toshe ni. Lambar tun daga ranar ba ta shiga. Daga baya na sa hotunan tallansa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito, sai ga su a shafin wani kamfani na ƙasar waje da ba shi da wata alaƙa da shi, sato su ya yi. Aikin minti ɗaya ne, da na yi shi tun farko da ban tura ko sisi ba. Wani bawan Allah da muka haɗu a ƙarƙashin tallan ya ce shi ko tankin bai gani ba, kafin alƙalamin aka karɓa aka ɓace.

Don haka ɗan'uwa, idan kana son ƙarin tanki, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ga tankin a ƙasa kafin a ɗaura, ka haska ciki da idonka ka ga ƙarafan tsakiya. Ka zo da abin awo: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, ka raba da 1,000, shi ne lita. Nawa 90 ne da 45 da 22, wato lita 89 ko an haɗa da kaurin ƙarfen, babu ta yadda 120 za ta shiga. Ka sa a toshe ƙofofinsa a hura iska kaɗan, kada ta wuce psi 3 a agogon awon iska, a shafa ruwan sabulu a kan walda, duk inda ya yi kumfa yoyo ne. Tiyon mai na gaskiya akwai rubutu a jikinsa, da yawa za ka ga SAE J30. Ka duba nauyin da aka yarda motarka ta ɗauka, yana rubuce a jikinta ko a littafinta, domin mai da tanki duk a cikin lissafin suke. Bakanikenka ya ɗaura, ko aƙalla ya tsaya a kai, kuma duk mai sayarwar da ya ƙi yarda da haka ka bar masa kayansa.

Wanda kuma ya riga ya ɗaura irin wannan, don Allah kada ya ce zai kai wa mai walda ya toshe yoyon. Tankin da mai ya taɓa shiga, ko an tsiyaye shi tas, tururin da ya rage yana iya fashewa da zarar wuta ta taɓa shi. A sauke shi, a wanke babban tankin idan man ya riga ya gauraya, a sauya matatar mai. Ni haka aka yi mini, nozul ɗina sun tsira saboda kwana uku kawai abin ya yi.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma sanar da banki, da rasit ɗin tura kuɗi da hotunan hirarmu. Duk wanda mutumin nan ya karɓi kuɗinsa ya adana nasa shaidun kada ya goge, ya kai ƙara shi ma, ya kuma kai rahoton shafin. Yadda za ku gane tallan: baƙin tanki a kan farin daɓe, lita 120, "biyu suka rage", da asusu mai sunan wani daban. Har daren jiya yana nan a sama da sabon suna.