A cire tamostat a jefar ko a sayi sabo? Amsa ga mai Camry fensir layit

Salam 'yan uwa. Wani ɗan uwanmu ya tambaya a kan Camry ɗinsa fensir layit ta 1998 mai injin 2.2, wai allurar zafi ta fara haurawa sama, makanikensa ya ce a cire tamostat ɗin a jefar kawai a haɗa fanka dairek tunda abin ƙasar sanyi ne, wani kuma ya ce masa a'a ya sayi sabo a saka, shi ne yake son sanin wanne ya fi. To Malam bari in ajiye maka su biyun gefe da gefe, amma tun farko in faɗa maka ni ina ɓangaren sabo.

Shi dai tamostat ƙofa ce tsakanin injin da lagireto. In ka tada mota da safe yana rufe, ruwan yana zagayawa ne cikin injin kaɗai har ya ɗau zafi, sai ya kai ma'aunin da aka rubuta a jikinsa sannan ya fara buɗewa. Na motarka digiri 82 ne aka buga a jiki, yana fara buɗewa tsakanin 80 zuwa 84, kafin a kai 95 ya buɗe gaba ɗaya. Yana nan ne inda tiyon ƙasa na lagireto ya shiga injin, noti biyu ne ke riƙe da murfin wurin.

In ka cire: gaskiya ne ba ka kashe kuɗin kaya ba, kuma ba wani abu da zai sake maƙalewa a rufe ya dafa maka injin a tsakiyar hanya, wannan ita ce hujjar masu cirewa kuma ba ƙarya suka yi ba. Allura za ta sauka ƙasa, kai ma hankalinka ya kwanta. Matsalar ita ce injin ɗin nan ba a ƙera shi don ya yi aiki a sanyi ba. Akwai sensa da ke gaya wa biren bos, wato kwamfutar motar, zafin ruwa, muddin ya ga ruwan bai ɗau zafi ba to ƙara mai zai yi ta yi kamar yanzu aka tada motar, shi ya sa za ka ji mutum yana kukan motarsa ta fara shan mai, ka kwance fulogi ka gan shi baƙi ƙirin da toka, baƙin mai ya tsinke da wuri yana warin fetur don man da bai ƙone ba yana gangarawa ta gefen fistin yana wanke baƙin man da ke jikin silinda. Wannan ɓarnar ba a rana ɗaya take nunawa ba, sannu a hankali ne, sai an jima ka ji ana maganar ringi. Lokacin hunturu kuma abin ya fi muni, ka ɗauki hanyar Jos da asuba a watan Janairu ba tamostat, allurar nan ko motsi ba za ta yi ba, hita ma iska mai sanyi zai ba ka.

Sannan fanka dairek, tana juyi tun daga kunna makulli har kashewa, motar fankar da aka yi don ta riƙa hutawa ta daina hutawa, ranar da ta ƙone kuwa ba za ka sani ba sai ka ga hayaƙi a gosulo.

In ka saka sabo: za ka fitar da kuɗi, na tamostat da robar da ke zagaye da shi da kuma kulant, wato ruwan lagireto na musamman, kuma sai ka yi hattara da jabu don a Ƙofar Ruwa ko Panteka akwai mai kyau akwai na banza duk a kwali iri ɗaya. Amma injin zai ɗau zafi cikin 'yan mintuna, allura ta zo kusa da tsakiya ta tsaya cak ko a gari ko a babban titi, mai ya koma daidai. Maganar wai abin ƙasar sanyi ne ni ban yarda da ita ba, zafin Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu arba'in da 'yan kai ne, injin kuma yana son tamanin da wani abu zuwa casa'in, ka ga ko a can ma akwai tazara. In tamostat ya buɗe duka ba shi ke hana sanyaya ba, aikin lagireto da fanka ne daga nan.

Abin da ya fi damuna da cirewa shi ne sau da yawa ba ma shi ne mai laifin ba, an dai rufe ciwo da tsumma ne. Don haka kafin ka sayi komai ka lura da yaushe motar ke zafi. In a gosulo ne kawai amma da ka samu hanya ta sauka, fanka ce ko rile ko suwic ɗinta. A irin motarka akwai suwic a gindin lagireto, ka zare soket ɗinsa makulli na kunne, in fanka ta tashi to ita da rile lafiya lau suke. In kuma a babban titi ne take hawa ko a hawan tudu ko ka kunna esi, lagireto ya toshe, musamman in ruwan rijiya ko na fiya wata aka saba ɗura masa. In kana ƙara ruwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba, ko ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, wannan gasket ɗin kan silinda ne, cire tamostat ba zai yi masa komai ba. Murfin lagireto ma kar ka raina shi, shi ke riƙe matsi don kar ruwa ya tafasa a 100, in robarsa ta mutu ruwa zai yi ta gudu.

Alamar tamostat da ya maƙale a rufe ita ce allura na hawa da sauri, tiyon sama ya yi zafi ba ya taɓuwa, na ƙasa kuma yana nan da sanyinsa. Ka sa a kwance shi a gabanka, a jefa shi a tukunya da ruwa a ɗora a wuta, tun kafin ruwan ya tafasa za ka ga bakinsa ya fara ɗagawa, in ya tafasa ya buɗe wajen milimita 8 ko fiye. In har ruwa na ɓararraka shi yana nan gum to ya mutu. In kuma tun a hannu ka gan shi a buɗe da sanyinsa, shi ma ya mutu, ta ɗaya ɓangaren.

Wajen sakawa akwai wani ɗan ƙarfe ƙarami mai motsi a gefen faifan tamostat ɗin, dole ya kalli sama don ta nan iska ke fita, yara a gareji suna yawan juya shi yadda suka ga dama. A canza robar, kar a cika masa gam. A zuba kulant ba zallan ruwa ba, a buɗe hita zuwa ƙarshe, a bar motar tana aiki murfi a buɗe har kumfa ta daina fitowa sannan a rufe. Kuma don Allah kar kowa ya buɗe murfin nan injin na da zafi, ruwan yana tsalle ne har fuska.

Batun auna zafi kuwa kar ka dogara da allurar dashbod kaɗai, nata sensa daban ne da na biren bos, tana iya yin ƙarya. In motar 'yar Amurka ce tana da soket ɗin OBD2, wato inda ake jona na'urar duba mota, tunda daga 1996 suka wajabta shi, sai a jona sikana ko irin ƙaramin nan ELM327 da ake haɗawa da waya, ka ga lambar da idonka. A kan hanya ka sa ran tamanin da wani abu, a tsaye ya haura casa'in da kaɗan fanka ta tashi ya sauko ta mutu. In a kan titi yana zama sittin ko saba'in to ko ba tamostat a ciki ko ya maƙale a buɗe, in kuma yana wuce 100 yana ci gaba da hawa ka kashe motar nan take, kan silindan nan alminiyom ne, saurin lanƙwashewa gare shi.