E6B ta ƙarfe: faifan lissafin da ɗalibin tuƙin jirgi a Zariya ya kamata ya saya

Duk ɗalibin da ya shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, zai ci karo da wannan faifai kafin ya yi nisa a darasin gano hanya. Ba batir, ba caji. Wani hafsan ruwa ɗan Amurka, Philip Dalton, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, kuma irinsa masu nuna hanya na jiragen yaƙin Ingila suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu. A jirgin Lancaster mai ɗaukar mutum 7, mai nuna hanya yana zaune ne bayan labule da taswira da fensir da ɗan fitila, yana sake lissafin iska har a dawo. Aikin ba wasa ba ne: binciken da wani jami'in gwamnatin Ingila mai suna Butt ya yi a 1941 ya nuna cewa cikin kowane jirage uku da suka ce sun kai hari, ɗaya kaɗai ya kusanci wurin da mil 5.

Faifan yana da fuska biyu. Ta farko ta lissafin nisa da lokaci da mai ce. Ka juya alamar 60 ta saitu da saurinka, a ce mil 120 a awa, ka nemi nisan mil 90 a zoben waje, za ka ga minti 45 a na ciki. Inda ake faɗuwa shi ne faifan ba ya gaya maka 12 ne ko 120. Sai ka fara ƙiyasi a ka.

Fuskar iska ce ta cancanci kuɗin. A saita inda iska ke fitowa ƙarƙashin alamar sama, a hau daga ɗigon tsakiya gwargwadon ƙarfinta a ɗiga fensir, a juyo faifan zuwa hanyar da za a bi, sannan a ja katin da ke zamewa ƙarƙashin faifan har ɗigon ya hau layin saurin jirgi. Saurin ƙasa, wato ainihin gudun jirgi idan aka auna shi da ƙasa, yana tsakiya, karkatar ɗigon hagu ko dama kuwa ita ce gyaran kan jirgi. Jirgi mai gudun 100 da iskar 20 ta bugo daga gefe yana buƙatar gyaran kusan digiri 12. Da hunturu, mai tashi daga Zariya zuwa Kano yakan sha iskar arewa maso gabas a goshi, don haka lokaci da mai duk sukan ƙaru. Wasu malamai suna koyar da ɗigawa ƙasa da tsakiya, musamman a CRP-5, wani faifai irin wannan na kamfanin Pooleys. Ka riƙe hanya guda. Haɗa su ke kawo amsa a juye.

E6B ta kwali tana da arha, amma gumi da damina suna kumbura ta. Ta roba kan lanƙwashe idan ta wuni a mota da zafin Afrilu. Ta ƙarfe ta fi, sai dai ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashin faifan ta karce shi, rubutunta kuma ƙanana ne ga mai raunin ido. A goge da busasshen ƙyalle, a ajiye a jakarta, kada a taɓa ɗiga mata biro. Kafin ka biya, saita 10 da 10: idan sauran lambobin zoben biyu ba su yi daidai ba, mayar wa mai shago kayansa.