OFFSET ko Keyset wajen Raba Sakamako Shafi-Shafi

Masu gina manhajojin intanet sun sha tambayata wanne za su ɗauka tsakanin OFFSET da keyset, hanyoyi biyu na ɗebo layukan bayanai daga rumbun bayanai shafi-shafi. OFFSET, wato umarnin a tsallake wani adadi na layuka kafin a fara nunawa, ya fi sauƙin rubutawa, kuma yana ba da damar tsallakawa kai tsaye zuwa shafi na 40. Sai dai a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, OFFSET 100000 na nufin sai an bi layuka 100,000 an watsar kafin a nuna 20, kuma idan sabon layi ya shigo ana tsaka da dubawa, wani layin da aka riga aka gani yakan maimaitu a shafi na gaba. Keyset kuwa daga layin ƙarshe da aka gani yake ci gaba ta hanyar fihirisa, shi ya sa saurinsa ba ya raguwa, amma ba ya ba da damar tsallakawa kai tsaye zuwa wani shafi. Ƙaramin teburin bayanai, OFFSET ya ishe shi. Jerin da ke ƙaruwa kullum ana jan sa a waya, keyset ya fi masa.